Dutsen Kan Mataji

Ni nake wanke wa Baba zanen gado, ni nake yanke masa farce, ni nake lallashinsa ya haɗiye ƙwayar magani idan ya ɓoye ta a kumatu. Tun da ƙwaƙwalwarsa ta fara zubewa na kulle ɗakina na dawo gidanmu, tunda 'ya'yana sun kama gabansu, maigidana kuma ya riga mu gidan gaskiya. Ladan da nake samu a wurinsa kowace safiya iri ɗaya ne. Zai karɓi kofin shayi, ya dube ni cikin ladabi, ya ce, "Sannu da aiki, baiwar Allah. Daga wane gida kike?"

Wannan na iya haɗiye shi. Ciwo ne, ba shi ya ɗora wa kansa ba. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne matar Auta.

Auta ƙanena ne, direban babbar mota, zamansa a hanya ya fi zamansa a gida. Matarsa tela ce, a tsakiyar gari ta tashi, ba ta taɓa riƙe fartanya ba sai da ta shigo gidanmu. Ba ta da mugun hali ko kaɗan, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi, don da tana da shi da na samu abin kamawa.

A bayan gidan akwai wani sito mai rufin kwano. Nan Baba ya jibge kayan nomansa tun shekarar da ya sayar da shanu aka koma kiran tarakta. Ba mai shiga sai ɓeraye. Wata rana da yamma matar Auta ta shiga neman inda za ta jingine tsohon teburin kekenta, sai ga ta ta fito da wani lanƙwasasshen ƙarfe duk tsatsa. Baba yana zaune a baranda yana kallon bango, kamar yadda ya saba. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, wannan fa na mene ne?"

Ina kicin ina jin su. Na buɗe baki zan ce ta bar wahalar da tsoho, sai na ji wata murya da na daɗe ban ji ba.

"Bakin garma ne, mai kunne ɗaya. Kawo nan. Kin ga wannan lanƙwasar? Ita ke ɗaga ƙasa ta kifar da ita. Ciyawar sama ta koma ƙasa ta ruɓe, ƙasar da ta huta ta fito ta sha iska. Shi ne aikin farko a gona. Duk wanda ya tsallake shi, ciyawa zai girba."

Na leƙo. Mutumin da jiya ya nemi taje gemu da cokali, ga shi ya miƙe baya, yana bin bakin ƙarfen da babban yatsa, har yana tsaki wai an bar shi ya dakushe.

Daga ranar abin ya zama musu aikin yamma. Da rana ta yi sanyi za ta shiga siton ta jawo abu ɗaya, ta karkaɗe, ta ajiye a gabansa. Ta fito da karkiya, ya nuna mata inda wuyan bajimi ya goge katakon har ya yi sheƙi. Ta fito da garmar huɗa mai fukafuki biyu, ya haɗa tafukansa ya buɗe su yana nuna yadda take watsa ƙasa dama da hagu ta tayar da kunya, ruwa ya kwanta a kwari, saiwa ta zauna a tudu ba ta jiƙe ba. Ta gangaro da faifan haro, ya ce wannan shi ke yanka hoge, wato manyan curin ƙasar da garma ta bari, ya daddatse saiwoyi. Har wata 'yar taya da ni ma na manta da ita ya gane, ya ce ita ke hana garma nutsewa fiye da kima. Ita kuwa baki buɗe, "To Baba, bayan wannan sai me?" Shi kuma baki har kunne.

Ni da na tashi a bayan garmar nan, bai taɓa zaunar da ni ya ce kin ga wannan lanƙwasar ba. Karatuna duka da tsawa na yi shi. Riƙe. Matsa. Ke ba ki da ido ne? Ƙayar gonar nan har yau akwai tabonta a diddigena. Amma wadda ta zo jiya, hannu duk laushi, ita ake yi wa bayani dalla-dalla da murmushi, ni kuma ina bakin famfo ina dirzar wandonsa. Kishi nake yi, ban ga abin ɓoyewa ba. Har na kai in na ji dariyarsu sai in ƙara buɗe famfon.

Duk da haka na daure, sai da aka taɓa sunana.

A cikin kayan Baba akwai wani da yake kira mataji. Firam ne na ƙarfe, faɗinsa kamar ƙofar ɗaki, ƙasansa cike da haƙora masu tsini. Bayan garma ta kifar, faifai ya yanka, sai a ja mataji ya farfasa sauran curin, ya tsefe busasshiyar ciyawa, ya baje ƙasa ta yi laushi yadda iri zai kwanta. Matsalarsa ba shi da nauyi. In ƙasa ta bushe, sai ya riƙa tsalle a kan hoge bai cije ba. Baba ya kan ɗora masa dutse, amma duk kwanar da shanu suka sha sai dutsen ya gangaro, ya tsaya ya ɗauko yana faɗa. Wata rana ina 'yar ƙarama na kai masa ruwa, ya dube ni, ya dubi dutsen, ya ɗauke ni cak ya ɗora. Haƙoran suka shiga daidai yadda yake so. Washegari ya ɗaure wani guntun katako a tsakiya, ya yi mini hannun waya na riƙewa. Tun daga nan ya daina kiran sunana na yanka, sai Dutsena.

Ban taɓa jin daɗin duniya kamar na lokacin nan ba. Shi yana gefe da igiyar shanu, ni ina sama ina jijjiga, ƙasa tana baje kanta a gabana kamar an shimfiɗa zane. A nan kaɗai ba ya yi mini tsawa.

Sai wata damina ya tsayar da shanun a tsakiyar gona, ya tsuguna ya tura yatsa cikin sawun haƙoran. Ƙa'idarsa gaɓa biyu ta yatsa, kada ya wuce. In ya wuce, mataji zai tono danshin ƙasa ya miƙa wa rana, ya kuma fito da ciyawar da garma ta binne. Ya miƙe ya ce, "Kin yi nauyi. Sauka." Aka ɗauko Auta, ko majina bai iya sharewa ba, aka ɗora a kan katakona. Na tafi bayan rumbu na yi kuka har na gode Allah, na wanke fuska na dawo, ba wanda ya tambaye ni. Amma sunan ya bar mini shi. Har na yi aure, har na yi jika, Dutsena yake ce mini, sai da ciwon nan ya zo ya share.

To ranar da aka taɓa sunan nan, na fito da kwandon shanya a kai, ita tana goge wata sarƙa a gabansa, sai na ji ya ce, "Dutsena, miƙo mini waccan ƙugiyar."

Na juya da sauri har kwandon ya kusa faɗuwa. Ba ni yake kallo ba. Ita ta miƙa masa, tana dariya.

Da muka haɗu a kicin ta ce, "Yaya, wai me ya sa Baba yake ce mini Dutsena? Tun shekaranjiya ya fara."

"Ina zan sani? Ki tambaye shi mana, ba ke ce 'yar gaban goshi ba."

"Na tambaya, sai ya yi dariya kawai. Yaya, don Allah ki riƙa zuwa kina zama da mu. Ke kin san kayan nan, ni lalube nake yi."

"In na zauna wa zai yi wankin? Ko shi ma bayani za a yi masa ya wanku?"

Ta ɗauki tsintsiya. Ko amsa mai zafi ba za ta ba ni ba, balle in samu in huce.

Matajin yana can ƙuryar siton, an jingine shi da bango, komai a gabansa. Kullum tana cire abu ɗaya, kullum tana matsowa kusa da shi. Na kan leƙa da safe in ga abin da ya rage. Na san abin da zai faru ranar da ta kai gare shi: zai shafa katakon nan, ya dube ta, ya ba ta labarin yadda ya ɗauke ta cak ya ɗora, ita kuma ta gyaɗa kai ta karɓe. Komai na bar mata, amma ban da wannan.

Akwai wani ɗan gwangwan da ke wucewa ta layinmu da amalanke yana sayen tsofaffin ƙarafa. Na tare shi a bakin ƙofa na ce ya zo da hantsi ya kwashe siton kaf. Da hantsi Baba yana barci, ita kuma ranar za ta kai ɗinki cikin gari. Na shirya amsata ma in Auta ya tambaya: tsatsa ce, maɓoyar kunamu ce, kuma ni ce babba a gidan.

Mutumin ya zo, ƙato mai wuyan bajimi, ya ajiye amalanken a ƙofar baya. Ya kwashi garma, ya kwashi faifai, ya kwashi sarƙoƙi, ina tsaye ina cewa ya yi a hankali. Ƙarfe kuwa ba ya jin a hankali. Kafin ya kai ƙurya, ƙarar ta tashi Baba, ya dogaro sandarsa ya fito baranda ya zauna. Kamar haɗin baki, sai ga matar Auta ta dawo, wai mai kayan ba ta gida. Ta ga amalanke, ta ga garma a ciki ƙafa sama, ta dube ni.

"Yaya, ina za a kai su?"

"Inda ake kai shara."

"Amma Baba..."

"Baban wa?"

Ta sunkuyar da kai. Ni ma na ji nauyin maganar, amma ban janye ta ba.

Tsakanin siton da ƙofar baya akwai wani ɗan fili da ta sassare da fartanya, wai za ta shuka ganye tunda yanzu ta zama manomiya. Ta kifar da ƙasar ta bar ta, hoge ya bushe a sama curi-curi. Matajin ya fi ƙarfin ɗauka a ka, sai ɗan gwangwan ya kwantar da shi, ya ɗaura igiya a tsakiyar gefe ɗaya, ya fara jan sa ta cikin filin.

"Kai!"

Duk muka juya. Baba ne, ya ɗaga sanda.

"Wa ya koya maka? Daga kusurwa ake ɗaurawa. In ka ja ta tsakiya haƙoran layi ɗaya za su bi, na baya ya taka sawun na gaba, rabin ƙasar ba a taɓa ba. Kwance."

Mutumin ya dube ni. Na kawar da kai. Ya yi 'yar dariya ya ce, "To Baba, yadda ka ce," ya mayar da igiyar kusurwa ya ja. Matajin ya karkace, kowane haƙori ya kama hanyarsa, amma sai tsalle yake a kan busasshiyar ƙasar.

"Ba nauyi," in ji Baba. "Tsaya. Dutsena, zo ki hau."

Ita yake kallo. Ta ajiye jakar ɗinkinta, ta dube ni kamar mai neman izini, na ƙi ba ta ido. Ta tattare zani ta taka katakon, ta tsaya tsaye, fuska gaba, hannu a buɗe kamar mai tsallaka rafi.

"Ba haka ba," Baba ya ce.

Ta gwada zama, ta miƙe ƙafafu.

"Ba haka ba. Ke me ya same ki yau? Ba haka ba ne."

Muryarsa ta fara rawa. Na san wannan rawar, daga ita sai idon ya dushe ya koma kallon bango. Ita ma ta sani, ta daburce, tana juye-juye a kan katakon tana cewa, "Haka, Baba? Ko haka?"

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na ce, "Sauka." Ta sauka.

Gwiwoyina sun daɗe da daina yi mini biyayya, amma ranar ba su yi gardama ba. Na juya wa mai ja baya, don haka ake yi, kada kofaton shanu ya watso miki ƙasa a ido. Na tsuguna, na tokare diddige da ƙarfen gicciye, na kai hannu ƙasa ba tare da na duba ba. Hannun wayar yana nan, ya yi tsatsa, yatsu uku kawai ya ɗauka. Katakon ya yi ƙara amma bai karye ba.

"Ja," in ji Baba.

Ɗan gwangwan ya ja, ya yi nishi, ko motsi. "Mama, ai wannan sai tarakta," ya ce. Matar Auta ta kama igiyar a bayansa, suka ja tare. Matajin ya girgiza, ya tafi kamar tsawon tabarma, ya cije. Haƙoran sun nutse har gindi. A gabana ƙasa ta buɗe baƙa wuluk, ga ciyawar da matar Auta ta binne duk ta dawo sama.

Baba ya sauko daga baranda da kansa. Ya zo ya tsuguna da ƙyar, yana riƙe da sanda, ya tura yatsa cikin sawun. Yatsan ya shige duka. Ya girgiza kai, ya ɗago ya dube ni, cikin ido, irin kallon da na shekara ina nema a bakin kofin shayi.

"Kin yi nauyi, Dutsena. Sauka. Kina tono mini abin da na binne."

Ina nan tsugune a kan katakon, ya ci gaba.

"Yaushe kika yi wannan girman? Ina ƙanenki? A ɗauko shi."

"Ya tafi da mota, Baba."

"To a jira shi." Ya goge yatsan a rigarsa, rigar da na wanke jiya. Sai ya sassauta murya. "Kuma kada ki tafi bayan rumbu. Ina ganinki. Ba laifinki ba ne, ƙasa ce ba ta son a matsa mata."

Ashe ya gani. Shekara da shekaru ina ɗauke da abin nan a kan ba wanda ya lura. Babu rumbu a gidan yanzu, don haka a nan kan katakon na yi kukan, ɗan gwangwan yana kallon sama yana sosa ƙeya.

Matar Auta ta zo ta kama Baba ta hammata don ta taimaka masa ya miƙe. Ya miƙe, ya zare hannunsa a hankali, ya dube ta cikin ladabi.

"Sannu da aiki, baiwar Allah. Daga wane gida kike?"

Na ga yadda fuskarta ta faɗi. Na san zafin, kullum da shi nake karya kumallo. Kuma in faɗi gaskiya, daɗi na ji, har cikin raina. Sai daga baya, da na ga ta juya tana kakkaɓe jakar da ba ta da ƙura, tausayi ya ɗan biyo baya, amma bai kori daɗin ba.

"Mama, a ɗora ko a bari?" in ji ɗan gwangwan.

"A bari. Na cikin amalanken ma sauke."

Ya sauke yana gunaguni, wai tun da yake sana'ar nan ba a taɓa mayar da shi saniya ba sai yau.

Washegari na kai shayi da sassafe. Ya karɓa, ya dube ni, ya ce sannu da aiki, ya tambayi gidanmu. Na ce masa nan kusa ne. Da yamma ina bakin famfo na ji ta jawo wani abu daga sito, na ji tambayarta, na ji muryarsa ta dawo. Ba a jima ba ya ce, "Dutsena, juya shi in ga bayan."

Na rufe famfon. Na goge hannu, na ɗauki igiyar shanya, na je na ɗaura ta a kusurwar matajin inda yake kwance a filin ganyenta. Na miƙa mata bakin igiyar.

"Ki ja."

"Yaya, ni kaɗai ai ba zan iya motsa ki ba."

"Ba sai ya motsa ba. Ke dai ki ja, ya ga wadda ke sama."

Ta dube ni, ta dubi igiyar, ta naɗe ta a hannu. Can a baranda Baba ya riga ya fara laluben sandarsa, ya haɗe rai. Na hau, na juya mata baya, na kama hannun wayar, na tsuguna ina jiran a kore ni.